Ina sallah amma zuciyata a bushe take tun rasuwar 'yata: shin har yanzu ina cikin masu tawakkali?

Mahaifi Mai Jimami ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na daɗe ina jan ƙafa kafin in yi wannan tambaya, domin ina jin nauyin furta ta a gaban waɗanda suka san ni, shi ya sa na rubuto ba tare da na faɗi sunana ba. Wata 8 ke nan da Allah Ya yi wa 'yata rasuwa, tana da shekara 7, bayan jinya ta kusan wata 2. A tsawon jinyar nan babu daren da ban tashi na roƙa mata lafiya ba, kuma ina roƙon ne da sakankancewar cewa za a amsa mini. Ranar da ta cika na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ban ɗaga murya ba, har masu zuwa gaisuwa suka riƙa yaba haƙurina, ni ma na ɗauka na tsallake jarrabawar.

Sai da ƙafa ta ɗauke, gida ya yi tsit, sannan abin ya sauko mini. Ban bar sallah ba ko sau ɗaya, amma idan na kabbarta sai in ji kamar bango nake fuskanta, baki yana karatu, zuciya ba ta wurin. Alƙur'anin da a da nake zubar da hawaye idan ina karanta shi, yanzu sai in kai ƙarshen shafi ban san abin da na karanta ba. Mafi tsanani a gare ni ita ce addu'a: idan na ɗaga hannu sai in tuna dararen nan, hannun ya yi mini nauyi in sauke shi. Yarinyar nan takan sa hijabin mahaifiyarta, yana jan ƙasa, ta tsaya a gefena idan ina nafila, ta riga ni ɗagowa daga sujada tana leƙen fuskata. Yanzu duk sanda na yi sallama ta dama, idona a wurin da take tsayawa yake sauka.

Wani lokaci tunani yakan ɗarsu a raina wanda ba zan iya rubuta shi ba, in yi ta'awwuzi ya tafi, jim kaɗan ya dawo. Ban yi shakkar samuwar Allah ba, kuma ban ce Ya zalunce ni ba, sai dai ina jin kamar an rufe ƙofa an bar ni a waje. Tambayata ga masu ilimi da waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali ita ce: mutumin da ya rasa ɗanɗanon ibada, kuma ya kasa daina kuka a ɓoye, za a ce ya yarda da ƙaddara? Ko kuwa haƙurin da na yi a ranar farko ya rushe, wannan duhun kuma alama ce ta fushin Ubangiji?

Ɗalibin Ilimi ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwana, Allah Ya jiƙanta, Ya sa mai ceto ce, Ya ba ku haƙurin rashinta kai da mahaifiyarta. Zan fara da maganar kuka, domin ita ce nassi ya fi fitowa fili a kanta.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya haifi 'ya'ya 7, kuma 6 daga cikinsu sun riga shi rasuwa. Nana Faɗima ce kaɗai ta rayu bayansa, ita ma da kimanin wata 6. Na ƙarshensu shi ne Ibrahim, wanda ya rasu a shekara ta 10 bayan hijira bai cika shekara 2 ba. Anas ɗan Malik ya ruwaito, kamar yadda ya zo a Bukhari, cewa sun shiga tare da Annabi gidan Abu Saif maƙeri, inda ake shayar da yaron, suka tarar yana kan gargara, sai idanun Annabi suka fara zubar da hawaye. Abdurrahman ɗan Aufu ya ce, har da kai, ya Manzon Allah? Sai ya ce masa wannan rahama ce, sannan ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da zai yardar da Ubangijinmu, kuma lallai mu masu baƙin ciki ne da rabuwa da kai, ya Ibrahim. Ka lura da inda aka ja iyakar. Ba a ɗora wa ido ko zuciya laifi ba. Harshe aka tsare, haka nan hannu, tunda abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi.

Wanda ya fi kama da halinka a ganina shi ne Annabi Yaƙub, kuma ina roƙonka ka buɗe Suratu Yusuf ka karanta aya ta 83 zuwa ta 87 a jere, ba tare da ka tsallake ko ɗaya ba. A aya ta 83 ya ce haƙuri mai kyau. A ayar da take biye da ita kai tsaye ya juya wa 'ya'yansa baya yana cewa ya baƙin cikina a kan Yusuf, har idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki, alhali an shafe shekaru da rabuwarsu. A aya ta 85 mutanen gidansa suka yi masa irin faɗan da ake yi wa masu jimami har gobe, cewa ba zai daina ambaton Yusuf ba sai ya nakasa ko ya halaka. Amsar da ya ba su ita ce, ni ga Allah kawai nake kai kukan damuwata da baƙin cikina. Alƙur'ani bai ga wani karo tsakanin haƙuri mai kyau da kukan da ya tafi da gani ba, ya jera su a bakin mutum ɗaya, kuma mutumin nan shi ne a aya ta 87 yake cewa kada ku yanke ƙauna daga rahamar Allah. Malamai sun bambance kai kuka ga Allah da kai ƙarar Allah wurin bayi. Na farko ibada ce, na biyun ne yake cin karo da haƙuri, kuma ban ga na biyun a cikin rubutunka ba.

Sai maganar bushewar zuciya. A Makka an yi wani lokaci da Jibrilu ya yi jinkirin zuwa, har mushirikai suka ce Ubangijin Muhammadu Ya rabu da shi. A kan haka Suratud Duha ta sauka, inda Allah Ya rantse da hantsi, Ya kuma rantse da dare idan ya lulluɓe, sannan Ya ce Ubangijinka bai yi maka bankwana ba, kuma bai ƙi ka ba. Idan shiru ya taɓa ratsa tsakanin saukar wahayi ga fiyayyen halitta, kuma shirun bai zama ƙiyayya ba, to, ba daidai ba ne ni ko kai mu mayar da abin da muke ji a ƙirji ma'aunin matsayinmu a wurin Allah. Hanzala, ɗaya daga cikin marubutan Annabi, ya taɓa fita yana cewa Hanzala ya yi munafunci, don kawai ya ga yanayin zuciyarsa a gida ba ɗaya yake da na majalisin Annabi ba, aka amsa masa da cewa lokaci da lokaci ne. Tunanin da kake jin tsoron rubutawa kuwa, wasu sahabbai sun kawo irin wannan kuka, suka ce suna jin abin da furta shi yake yi musu girma, Annabi ya ce wannan shi ne tsantsar imani, wato ƙyamar da suke yi wa abin. Duka biyun suna cikin Muslim.

Game da addu'ar da kake ganin ba a amsa ba, ba zan yi maka dogon bayani ba, domin na san ilimi ba ya ɗauke wannan raɗaɗi. Abin da ya tabbata shi ne addu'ar mumini tana samun ɗayan uku: a gaggauta masa abin da ya roƙa, ko a tanadar masa ita a lahira, ko a kawar masa da wani sharri gwargwadonta. Dararen nan naka suna rubuce. Shawarata ita ce ka riƙe farillai da ƙarfi ko da ba ka jin komai, domin a hadisin ƙudusi Allah Ya ce bawa bai kusance Shi da wani abu da Ya fi so kamar abin da Ya farlanta masa ba, kuma ba a sa jin daɗi cikin sharuɗɗan sallah ba. Idan hannu ya ƙi ɗaguwa, ka ari kalmomin Annabi Ayuba a Suratul Anbiya aya ta 83, inda ya ce cuta ta shafe ni, kuma Kai ne mafi rahamar masu rahama. Ko abin da yake so bai ambata ba, halinsa kawai ya shimfiɗa.

Mai Nasiha ya amsa:

Allah Ya gafarta mata, Ya ba da haƙuri. Ina tare da Malam a kan abin da ya faɗa, amma akwai gefen da bai kamata a bari ba, domin nasiha ba ta cika sai da shi. Allah Ya ce a Suratul Muɗaffifin aya ta 14 cewa abin da mutane suke aikatawa yakan yi tsatsa a kan zukatansu, kuma sau da yawa ƙeƙashewar zuciya daga zunubi take tasowa. Saboda haka ina ba ɗan'uwa shawara ya binciki kansa, ya duba dukiyarsa da haƙƙoƙin mutane da ke kansa, ya yawaita istigfari, sannan ya rage kaɗaita, domin Shaiɗan ya fi samun dama a kan wanda ya ware. Wata 8 lokaci ne mai tsawo, kuma ina tsoron kada jimami ya zarce ya zama ƙofar da za a shigo masa da abin da ya fi rashin 'ya muni.

Wata Uwa ta amsa:

Ƙanena, Allah Ya jiƙan yarinyar nan, Ya sanyaya muku zuciya. Ni ba malama ba ce, amma shekara 11 ke nan da na binne ɗana na fari, kuma abin da ka rubuta na san shi kamar tafin hannuna.

Kafin in ce komai, ina neman afuwar Mai Nasiha, domin ban yarda da wani sashe na maganarsa ba, duk da na san da kyakkyawar niyya ya yi ta. Istigfari alheri ne ga kowa a kowane hali, kuma gaskiya ne kaɗaici yana da illa. Amma a ce wa mahaifin da ya binne 'yarsa ya je ya nemo zunubin da ya jawo masa duhu, wannan ƙara wa mai rauni ciwo ne. Ayar da aka kawo tana magana ne a kan masu ƙaryata ranar sakamako, wanda zuciyarsa ta yi irin wannan tsatsa kuwa ba ya damuwa da ya rasa ɗanɗanon sallah, balle ya zo yana tambaya cikin tsoro. An tambayi Annabi su wa suka fi shan jarrabawa, ya ce annabawa, sannan waɗanda suka fi kama da su. Wata 8 kuma ba wani lokaci ba ne a wurin wanda ya rasa ɗa. Ni a wata na 8 ko ɗakinsa ban iya shiga ba.

Na yi fiye da shekara guda ina sallah da Fatiha da Ƙulhuwallahu kawai, domin su kaɗai nake iya kaiwa ƙarshensu ba tare da na ɓace ba. Nakan zauna a kan darduma bayan sallama, in rasa abin da zan roƙa, tunda abin da nake so ba mai dawowa ba ne, sai in ce ya Allah Kana gani, in tashi. A lokacin ina ganin wannan rashin ladabi ne. Daga baya na fahimci cewa duk da haka wurinSa nake zuwa sau 5 a yini, ban je wurin wani ba, kuma wanda ya yanke ƙauna da gaske ba ya ci gaba da zuwa ƙofar da yake ganin an rufe.

Abin da ya riƙe ni shi ne labarin Ummu Salama. Ta ji Annabi yana koyar da cewa wanda musiba ta same shi ya yi istirja'i, wato ya ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, sannan ya ce ya Allah Ka ba ni lada a kan musibata, Ka mayar mini da abin da ya fi ta alheri. Da mijinta ya rasu sai ta ce a ranta, wane Musulmi ne ya fi Abu Salama? Ka ga ke nan zuciyarta ba ta hango ta inda alherin zai fito ba, amma ta ce sai na faɗi addu'ar, kuma ba ta ɓoye wannan tantamar ba lokacin da take ba da labarin. Ƙarshenta Annabi ne ya aure ta. Ni ma haka na riƙa faɗinta, baki yana furtawa, zuciya tana tambayar me zai maye gurbin ɗana. Ba zan ce maka an mayar mini da kamarsa ba, kuma har yau idan na ga sa'anninsa sun zama magidanta sai na ƙirga shekarunsa. Ba kuma zan iya nuna maka ranar da duhun ya yaye ba, domin a hankali ya riƙa sassautawa, kamar yadda ba ka iya cewa ga daidai lokacin da asuba ta zama safiya. Wata rana dai na tsinci kaina ina karanta Suratu Maryam, na kai inda take cewa ina ma na mutu kafin wannan, na zama abin da aka manta, sai na tsaya ina mamakin cewa Allah Ya ajiye mana wannan kalma ta baiwar da Ya zaɓa a kan matan duniya, bai goge ta ba, kuma abin da ya biyo bayanta kira ne cewa kada ki yi baƙin ciki. Ranar na yi kuka irin wanda na daɗe ban yi ba a kan Alƙur'ani.

Akwai wani hadisi a Muslim da nake so ka riƙe. Wani mutum ya ce wa Abu Huraira 'ya'yansa 2 sun rasu, ko akwai abin da zai faɗa masa daga Annabi da zai sanyaya musu rai. Ya ce masa ƙananan yara suna kai da kawowa a Aljanna, ɗayansu zai tarbi mahaifinsa ya kama tufafinsa, ba zai saki ba har sai Allah Ya shigar da su Aljanna tare. Abu Huraira bai yi wa mutumin faɗa don ya nemi lallashi ba.

Abu ɗaya zan roƙe ka. Ba ka ce komai a kan halin da mahaifiyarta take ciki ba. Idan kana ɓoye mata kukanka don kada ka karya mata zuciya, mai yiwuwa ita ma haka take yi maka, kowa yana kuka shi kaɗai a gida ɗaya. Ka zauna da ita, ku ambaci sunan yarinyar.

Ma'aikaciyar Lafiya ta amsa:

Allah Ya jiƙanta da rahama. Malam, ina da ƙari ta fuskar aikina, kuma ba ya cin karo da abin da aka faɗa a sama. Jimami ba cuta ba ne, amma yakan buɗe hanya ga ciwon damuwa, wanda ɗaya daga cikin manyan alamominsa shi ne mutum ya daina jin daɗin duk abin da a da yake jin daɗinsa. Idan mai ibada ne, wurin da zai fara lura da wannan rashi shi ne sallarsa da karatunsa, sai ya fassara shi da raunin imani, alhali abin ya shafi komai nasa. Don haka ka tambayi kanka: ibada ce kaɗai ta rasa ɗanɗano, ko har da aiki da hira da iyali? Yaya barcinka yake, kana iya cin abinci, kana iya tattara hankalinka a kan abu guda? Idan ƙunci ko rashin sha'awar komai ya zame maka kusan kullum har mako 2 ko fiye, tare da irin waɗannan alamomi, ya kamata likita ya duba ka.

Haka kuma, a kundin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 11 da ya fara aiki a shekarar 2022, an sanya jimami mai tsawo a matsayin lalura mai zaman kanta, wato idan kewar mamaci ta ci gaba da tsanani aƙalla wata 6, ta wuce abin da aka saba gani a al'ummar mutum, har tana hana shi gudanar da rayuwarsa. Ba ina cewa kana da ɗaya daga cikin biyun ba ne, domin ba a gane wannan ta rubutu, sai an zauna da mutum. Dukansu ana samun sauƙinsu, wani ta hanyar zama da ƙwararre a tattauna, wani a haɗa masa da magani, kuma Annabi ya yi umarni da neman magani. Idan kuwa tunanin da ka ce ba za ka iya rubutawa ba ya shafi cutar da kanka ko gajiya da rayuwa, ina roƙonka kada ka jira, ka faɗa wa wani na kusa da kai yau, ku je asibiti tare.

Mahaifi Mai Jimami ya sake rubutawa:

Na gode muku baki ɗaya, Allah Ya saka da alheri. Malam, na karanta ayoyin Suratu Yusuf a jere kamar yadda ka ce. Na haddace su tun ina yaro, amma ban taɓa lura cewa aya ta 84 tana manne da ta 83 ba sai jiya, kuma na daɗe a zaune a kansu. Mai Nasiha, ban ji haushin maganarka ba, na karɓi shawarar istigfari da ta rage kaɗaici, domin gaskiya ne na janye jiki daga mutane.

Ga 'yar'uwa ma'aikaciyar lafiya, tunanin da nake nufi wasiwasi ne a kan hikimar abin da ya faru, bai shafi cutar da kaina ba. Amma tambayoyinki sun taɓa ni, domin rabona da barci mai kyau tun kafin rasuwar, kuma a wurin aiki ma jikina ne kawai yake zuwa. Na yi niyyar ganin likita a cikin makon nan, in sha Allahu.

Yaya, maganarki a kan mahaifiyarta ita ce ta fi yi mini nauyi, domin haka abin yake. Daren jiya bayan isha'i na ambaci sunan yarinyar a gabanta, karo na farko cikin watanni, sai ta tashi ta buɗe akwati ta ɗauko hijabin nan, ashe tun ranar ta naɗe shi ta ɓoye don kada in gani. Mun daɗe muna kuka. Da asuba na yi sallah, zuciyar tana nan yadda take, ban ji wani sauyi ba, amma bayan sallama na faɗi addu'ar Ummu Salama har ƙarshe. Ina roƙonku ku sa mahaifiyarta a addu'a, domin ita ce take riƙe da yarinyar a lokacin da ta cika.